Tantin Kwanan Daji: Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ake Kula da Shi

Wanda ya zauna a Turai ko Amurka, ba zai daɗe ba za a gayyace shi kwanan daji, ko dai abokan aiki su tsara fita a lokacin zafi, ko makarantar yara ta aiko da takarda cewa a tanadi tanti. Sabon zuwa yakan ɗauka sanyi ne babban abin tsoro, amma abin da ya fi wahalar da mai tanti shi ne ruwa, wanda ke sauka daga sama da wanda ke taruwa daga ciki, da kuma danshin da ake naɗewa a kai gida.

Tantin da aka fi gani shi ne mai siffar kifaffiyar ƙwarya, wanda sanduna biyu ke gittawa a samansa. Yana tsayawa da kansa tun kafin a kafa turaku, mutum ɗaya ma yana iya ɗaga shi ya sauya masa wuri, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa da mai farawa. Mai iyali kuwa zai fi jin daɗin dogon nan mai kama da kwalbati, domin yana da ɗakin kwana da zaure, sai dai ba ya tsayuwa sai an ɗaure igiyoyinsa tam, kuma bayansa ake juya wa iska, ba gefensa ba. A cikin irinsa akwai wanda ake hura wa iska da famfo a maimakon sanduna, ga saurin kafawa, ga nauyin ɗauka. Tantin auduga mai sanda ɗaya a tsakiya ya fi kowanne daɗin zama da rana, amma sai da mota, kuma sabo yakan yi yoyo sai an jiƙa shi ya bushe zarensa ya kumbura. Wanda ke buɗe kansa da an wurga shi na daren da babu hadari ne kawai, mayar da shi jakarsa kuma yakan ci wa mutum rabin safiya. Mai sanduna da yawa da aka yi wa masu hawan duwatsu cikin ƙanƙara, babu dalilin sayensa tun yanzu.

A jikin kwalin akwai lambobi biyu da ya kamata a tsaya a karanta. Ta farko yawan mutane ce, kuma masu ƙera tanti suna lissafa ta ne da mutanen da suka kwanta kafaɗa da kafaɗa ba tare da kaya ba, saboda haka mutum biyu su nemi na mutum uku. Ta biyu ana rubuta ta da milimita, tana nuna tsawon ruwan da yadin zai iya ɗauka a kansa kafin ya fara tsatsa. Yadi mai 1,500 ana ɗaukarsa mai hana ruwa, amma a ƙasar da ruwa ke zuwa da iska, gara rufin ya kai 3,000, shimfiɗar ƙasa kuma 5,000, tun da gwiwa da nauyin jiki suna matse ruwa ya ratso. A duba ɗinkin ma, a ga ko an liƙe shi da tef ta ciki. Sandunan alminiyom sun fi na zaren gilashi ƙarko, domin na gilashin sukan tsage.

A darena na farko a tanti na rufe kowace kafa saboda sanyi, da asuba sai ga ruwa yana ɗiga a fuskata alhali sama ba ta zubar da ko ɗigo ba. Numfashinmu ne ya haɗu da yadi mai sanyi ya koma raɓa. Maganinsa shi ne tanti mai riɓi biyu, na ciki mai shan iska da na waje mai tare ruwa, a ja igiyoyi yadda ba za su taɓa juna ba, a kuma bar kafofin sama a buɗe komai sanyi. Abin da ba a yi ko kusa shi ne shigar da gawayi ko risho ciki don ɗumi, ko da wutar ta yi kamar ta mutu, domin tana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid marar wari da launi, wadda ke kashe mutum yana barci. Ɗumi daga jakar barci da katifar ƙasa ake nemansa.

Wajen kafawa, a share tsakuwa da ƙaya, a guji kwari inda ruwa ke kwanciya. In za a shimfiɗa tampol a ƙasa, ya zama bai kai faɗin tantin ba, in ba haka ba gefensa zai tari ruwa ya tura shi ƙarƙashinku. Turaku a karkace ake kafa su, kawunansu suna kallon nesa da tantin.

Yawancin tantuna a gida suke lalacewa. Idan an naɗe shi da jiƙa, cikin kwana biyu fumfuna za ta iya kama shi, wari da baƙin tabonta kuma da wuya su fita, sannan shafin da ke hana ruwa ya fara danƙo yana ɓarewa. Don haka da an dawo a baza shi, ko a kan ƙofa ko a banɗaki, har sai ɗinki da igiyoyi sun bushe ƙarau. Ba a saka shi a injin wanki, ba a sa masa garin sabulu, soso da ruwa sun isa. Rana ma tana cin yadin roba, bai kamata a bar shi a kafe makonni ba. Yashin da ya shiga zif a goge shi da tsohon buroshin haƙori, idan kuma aka ga ruwa ya daina gangarowa yana shiga yadin, lokacin fesa masa maganin hana ruwa ya yi. A ajiye shi a sake cikin babbar jaka, a wuri busasshe marar zafi.