Yadda Za Ki Ƙarfafa Cinya da Gwiwa da Kujera Ɗaya

Tun daga shekara 30 tsoka take fara raguwa sannu a hankali, idan al'ada ta kusa ɗaukewa kuma ƙashi ya soma rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Kujera ɗaya ta ishe ki, 'yar'uwa.

1. Jingina kujerar katako da bango. Ban da ta roba, zamewa take yi.

2. Ki ba ta baya, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa.

3. Tura ƙugu baya, ki sauka a hankali, kamar mai goyon da ba ta son jaririn ya farka. A nan aikin yake. Masu gaggawa faɗawa kawai suke yi, cinya ba ta amfana sosai.

4. Da kin taɓa kujerar, danna dunduniya ƙasa ki miƙe. Kada ki dafa gwiwa.

5. Yi sau 10, huta minti 1, ki sake zagaye biyu.

Idan abin ya zama wasa, rungumi jarkar ruwa mai lita 5 a ƙirji. Kilo 5 ke nan.

Tsamin cinya washegari ba komai ba ne. Amma in gwiwa ta yi suka, ki dakata ki ga likita.