Darasi na 9: Bugun zuciya da fargaba bayan aikin zuciya

Wani magidanci aka yi wa aiki a zuciya. An zura siririyar roba ta jijiyar cinyarsa har cikin zuciyar, aka ƙona ɗan wurin da ke rikita bugunta. Da rana lafiya lau yake. Dare na yi, ya kwanta ta ɓarin hagu, sai ya ji zuciyar ta yi tsit, sannan ta buga dum! Ya tashi zumbur, gumi na keto masa.

"Maigida, lafiya?" in ji matarsa.

"Tsayawa ta yi. Wallahi na ji ta tsaya."

Ba tsayawa ta yi ba. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, kuma a cikinsu wani bugun yakan yi riga malam masallaci, ya zo kafin lokacinsa. Daga nan sai ta ɗan jinkirta, jini ya cika ta fiye da yadda ta saba, bugu na gaba ya zo da ƙarfi. Jinkirin nan shi ne "tsit", bugun da ya biyo baya shi ne "dum". Masu ƙoshin lafiya ma yana faruwa da su, ba sa lura ne kawai. Wanda ya sha aiki kuwa, hankalinsa kacokan yana kan ƙirjinsa. Ga mai irin aikin wannan magidancin, ba abin mamaki ba ne bugun ya riƙa rikicewa jefi-jefi a watanni 3 na farko, don wurin bai gama warkewa ba.

Tsoro ma yana da nasa aikin. Da gabanka ya faɗi, jiki zai saki wani sinadari mai suna adirenalin, shi kuwa zaburar da zuciya yake yi. Ta ƙara sauri, ka ƙara tsorata, ta sake ƙara sauri. Haka mutum zai kwana a zaune, alhali bugu ɗaya ne ya jawo duk wannan. Wanda ya ce maka "ai tunani ne kawai" bai faɗi daidai ba, don bugun da kake ji na gaske ne. Sai dai tsoro yana iza masa wuta.

Yadda ake ƙirga bugu

Zauna ka huta na minti 5. Ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannunka, ta gefen babban yatsa. Kada ka yi da babban yatsan, shi ma yana da nasa bugun. Dubi agogo, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Idan ka samu 38, bugunka 76 ke nan a minti. Babban mutum da ke hutawa yakan samu tsakanin 60 da 100. Wasu magungunan zuciya suna saukar da shi ƙasa da 60, don haka ka tambayi likitanka adadin da ya dace da kai.

Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa. Mai taɓa hannu kowane rabin awa, da mai zura wa agogon hannu mai auna bugu ido, fargaba suke yi wa kiwo.

Lokacin da ba a jira

A tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan bugun ya zo tare da ciwo ko nauyi a ƙirji, ko numfashi yana sarƙewa, ko jiri mai tsanani, ko suma. Haka ma idan baki ya karkace, magana ta harɗe, ko hannu ko ƙafa sun saki. Haka kuma idan zuciya tana ta gudu kana zaune, ta ƙi lafawa. A nan ba a cewa bari gari ya waye, kuma mara lafiya ba ya tuƙa kansa.

In babu ko ɗaya daga cikinsu, gyara zama. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar a hankali kana ƙirga 6. Maimaita kamar sau goma. Sannan ɗauko littafinka ka rubuta rana, da lokaci, da abin da kake yi, da tsawon mintocin da ya ɗauka. Wannan rubutun yana da daraja wurin likita, don sau da yawa zuciya takan natsu daidai lokacin da aka jona mata na'urar ECG, wadda ke zana bugun zuciya. Da shi zai ga ko ya kamata a maƙala maka ƙaramar na'urar da ke naɗar bugu na awa 24 ko 48, ko a gwada jininka. Ƙarancin jini, zazzaɓi, rashin barci, ƙishirwa, sigari da yawan kofi duk suna tayar da bugu.

Kada ka daina magani don kanka, musamman na hana jini daskarewa, idan an sa maka ɗan bututun buɗe jijiya. Dainawa na iya toshe shi. Tafiyar ƙafa kuwa, gwargwadon yadda likita ya yarje, tana koya maka cewa zuciya za ta yi sauri ta kuma sauko lafiya. Idan makonni suka shuɗe tsoro yana hana ka barci ko fita, faɗa wa likita ƙarara. Akwai masu kula da wannan matsalar, kuma ana samun sauƙi.

Aikin gida

Ka ƙirga 41 a daƙiƙa 30. Nawa ne bugunka a minti? Rubuta alamu huɗu da ke sa a garzaya asibiti, ka karanta wa wanda kuke kwana gida ɗaya. Ja layi huɗu a littafinka: rana, lokaci, abin da nake yi, mintoci.