Sayar da gidan ƙaramar hukuma ko ba da shi haya a Ingila bayan an saye shi

Tun daga 1980 doka ta bai wa masu haya a gidajen ƙananan hukumomi na Ingila damar sayen gidan da suke ciki da rangwame, amma wannan rangwamen yana da igiya a wuyansa. Kafin ka nemi dillali, fara ɗauko takardar mallakar gidan ka duba ranar da aka kammala ciniki, domin daga wannan ranar ake lissafin komai.

Idan ka sayar cikin shekara biyar na farko, sai ka mayar da rangwamen: dukansa a shekarar farko, kashi 80 cikin ɗari a ta biyu, sannan 60, 40 da 20. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne, da farashin ranar sayarwa ake lissafin. Misali, ka sayi gidan fam 200,000 da rangwamen kashi 10, a shekara ta uku kuma ka sayar da shi fam 220,000. Kashi goman ya koma fam 22,000, kashi 60 ɗinsa, wato fam 13,200, shi za ka biya. Idan gidan ya koma hannun magada, ko kotu ta mallaka wa ɗaya daga cikin ma'aurata bayan rabuwar aure, ba a neman wannan kuɗin.

Cikin shekara goma kuwa, wajibi ne ka fara yi wa hukumar da ta sayar maka tayi a kan farashin kasuwa, kuma sai ta yi mako takwas ba ta karɓa ba kafin ka kai gidan kasuwa. A wasu yankunan karkara, ba ka da ikon sayarwa sai ga wanda ya yi shekara uku yana zaune ko yana aiki a yankin.

Maganar haya ta fi sauƙi, domin dokar ba ta hana ba, sai dai idan ɗaki ne a cikin benen haɗaka, karanta yarjejeniyarka da kyau, ko an shardanta sanar da hukumar ko neman izininta. Wanda ya sayi gidan da bashin banki ya nemi amincewar bankin a rubuce kafin ɗan haya ya shiga, ya kuma sauya inshora. Ana duba na'urorin gas duk shekara, ana ajiye kuɗin jinginar ɗan haya a tsarin da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, a kuma sanar da hukumar haraji kuɗin hayar. A yi hattara da dogon zango, domin hayar da ta haura shekara 21, idan ba a kan cikakken kuɗin hayar kasuwa aka ba da ita ba, doka na ɗaukarta tamkar sayarwa, ta jawo biyan rangwamen idan cikin shekara biyar ɗin farko ne.