Zarton lantarki mai doguwar sanda: kurakuran da na gani da waɗanda na tafka da hannuna

Darbejiyar ƙofar gidanmu ta girme ni. A ƙarƙashinta ake shimfiɗa tabarma da la'asar, a jikinta ake ɗaure ragon layya, kuma ita ce ke hana Baba barci duk bazara, don wani reshenta ya miƙe a kan kwanon zaure. Da can yaro ake kira ya hau da adda ko barandami, mu muna ƙasa muna ta "a hankali dai". Shekara uku ke nan da ƙanena ya sayo mana zarton nan mai doguwar sanda daga Kano, mai aiki da batir, wanda kana tsaye a ƙasa za ka datse reshen da ke sama. Tun daga nan na zama wanzamin itatuwan unguwa a ƙauyenmu na wajen Ringim. Kurakuran da na yi da waɗanda na ga an yi kusan duk tushensu ɗaya: injin ba shi da ƙara sosai, ba ya hayaƙi, sai mutum ya ɗauke shi tamkar gorar kaɗo mangwaro. Alhali sarƙa ce mai haƙora take gudu a saman kanka, a ƙarshen sanda mai tsawon mita biyu da rabi zuwa uku.

Kuskuren farko, kuma yana kai mutane asibiti, tsayawa a ƙarƙashin reshen da ake yankewa. Kowa zai ce ai wannan a bayyane yake, wa zai yi haka? Kusan kowa. Sandar ta ɗan gaza, sai ka matsa taku ɗaya, ka ƙara wani, idonka na sama, kafin ka ankara sandar ta miƙe tsaye cak kai kuma kana daidai inda reshen zai sauka. Ɗanyen reshen darbejiya mai kaurin cinya da tsawon mita uku, da ganyensa, yana iya kusantar nauyin buhun siminti. Masu ƙera injin suna cewa kada sandar ta wuce digiri 60 daga ƙasa. A sauƙaƙe, ta kasance a jingine kamar tsanin da aka jingina da katanga, kai kana can gefe. In sai ka miƙar da ita tsaye za ta kai, to reshen ya fi ƙarfin wannan injin, ka haƙura. Kada kuma ka ce bari ka ƙara tsawo da tsani, ko turmi, ko ganga, ko ka hau katanga. Nauyin injin yana can ƙarshen sanda, da zarar reshe ya rabu sai nauyin ya fizge ka gaba, wanda ke kan tsani kuwa ba shi da inda zai dafa.

Kafin ka kunna, share bayanka. Turke, igiyar akuya, bokiti, murhu, duk abin da zai harɗe ka in ka ja da baya. Sannan yara. Babu abin da ke tara yaran ƙauye kamar sabon inji. Ni dai ba na farawa sai na sa babban mutum ɗaya ya tsaya yana korarsu, a kuma kwance dabbobi a kai su wani wuri.

Sai maganar wayar wuta, wadda ba ta da gyara in an yi kuskure. Wayoyin da ke kan falwaya a garuruwanmu galibi tsirara suke, ba roba a jikinsu, manyan layuka kuma suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, irin wutar da ke iya tsallakowa ba sai an taɓa waya ba. Ɗanyen itace yana ɗaukar wuta, sandar ma haka, musamman ta ƙarfe ko wadda ta jiƙe. Littafin da ke zuwa da wasu injinan nan yana cewa a nisanci wayar wuta da mita 15. Abin da na fi ji a bakin mutane shi ne, "Ai kwana uku ba a kawo ba." Wuta ba ta sallama in za ta dawo. Ban da haka, maƙwabcin da ya haɗa janaretansa da wayar gida ba tare da makunnin sauya layi ba yana iya tura wuta cikin layin da kake zaton a mace yake. Reshen da ya shiga waya aikin ma'aikatan kamfanin rarraba wuta na KEDCO ne, su ke kula da Kano da Jigawa da Katsina. A je ofishinsu, a kashe layin, sannan a yi magana.

Yanzu ga nawa abin kunyar. Ranar da aka kawo injin, na ɗora shi a gindin reshen nan na kan zaure na yanko daga sama kai tsaye, yanka ɗaya. Sarƙa ta ci kamar kashi biyu cikin uku, sai na ji ƙas! Reshen ya karye da nauyinsa, ya saluɓo ɓawon jikin bishiyar har kusan kamu biyu, kansa kuma ya daki kwanon da nake ƙoƙarin tsarewa ya lotsa shi. Baba ya fito ya dubi kwano, ya dubi farin tabon da ke jikin bishiya, ya ce, "To sannu, injiniya." Bai ƙara ko kalma ba. Har yau tabon na nan.

Yadda ake yi, reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi. Ka bar kamar taƙi ɗaya da rabi daga jikin bishiya, wajen santimita 30, ka tsaga reshen ta ƙasa, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, kada ka wuce kashi ɗaya cikin uku don kada ya danne sarƙar. Sai ka matsa gaba kaɗan wajen ganye, kamar yatsu uku, ka yanko ta sama har ya faɗi. In ya zo karyewa, ɓawon zai tsaya a tsagar nan ta ƙasa, ba zai bi jikin bishiya ba. Abin da ya rage ɗan guntu ne mara nauyi, shi za ka cire a yanka na uku cikin natsuwa. In kuma reshen dogo ne ko yana kan rufi, kada ka fara daga gindi sam. Fara daga ƙarshensa, kana sauke shi gunduwa-gunduwa, kowane guntu wanda in ya faɗo kan kwano ba zai yi ɓarna ba. Ya fi cin lokaci, amma bandir ɗin kwano ba araha ba ne yanzu.

Yanka na ukun nan shi ma akwai inda ake ɓata shi, ta fuska biyu. Wasu suna shafe reshen daidai da jikin bishiya don ya yi kyan gani. Wasu kuma suna barin kututture mai tsawon taƙi. Ka duba gindin kowane reshe da kyau, za ka ga ɗan kumburi ya zagaye shi kamar wuyan riga. Daga nan bishiya ke fitar da sabon naman da zai rufe ciwon. In ka shafe shi, ciwon ya yi faɗi kuma ka cire abin da zai warkar da shi. In ka bar dogon kututture, sai ya bushe, gara ta samu ƙofa, ruɓa ta bi ta ciki, bayan 'yan shekaru ka ga kogo. Daidai bayan kumburin ake yankewa, a bar shi a jikin uwar. Kuma ba sai an shafa fenti ko baƙin mai a wurin ba, yankan da ya yi sumul a inda ya dace bishiya da kanta take rufe shi.

Akwai kuma zalama. Injin yana da daɗin aiki, sai mutum ya kasa tsayawa, ya yi wa bishiya ƙwal-kwabo. Darbejiya tana da taurin rai, za ta toho, amma sababbin rassan da ke fitowa a bakin yankan ba su da riƙo mai ƙarfi, su ne iskar farkon damina ke ɓallewa bayan shekara biyu ko uku. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda. A fara da busassun rassa, da masu gogar juna, da waɗanda kauci ya kama. Shi kauci in ganyensa kawai ka cire zai dawo, don saiwarsa na cikin reshen, sai an datse reshen daga bayan inda ya kama. Mangwaro kuwa bayan an gama cin 'ya'yansa ake rage shi. Wanda ya taɓa shi da hunturu yana fure ya yanke rabonsa na bana da hannunsa. Gawo ma a yi masa adalci: shi da rani yake ganye da 'ya'ya, lokacin da dabbobi ba su da komai, in aka yi masa mugun sara 'ya'yan sukan ragu.

Game da injin kansa, abu uku ne ke kashe shi da wuri, kuma mai ne kan gaba. Akwai ɗan tanki a kansa na man da ke jiƙa sarƙa. Mutane suna ganin na lantarki ne, sai su ɗauka ba ya shan komai. Sarƙar da ta bushe tana zafi, ta saki, ta cinye ƙarfen da take zagayawa a kai. Cika tankin kafin ka fara, ka riƙa dubawa duk sanda ka tsaya hutu. In kana son ka san ko man na fita, kunna injin ka nuna bakinsa wajen wani kwali ba tare da ya taɓa ba, za ka ga ɗan layin feshin mai. Baƙin man da aka juye daga babur ko injin ban ruwa kada ya shiga tankin nan. Cike yake da garin ƙarfe da datti, yana toshe ɗan famfon da ke tura mai zuwa sarƙa, yana kuma ɓata itacen da za a ci 'ya'yansa. In man sarƙa na ainihi bai samu ba, sabon man inji mai tsabta ya fi. Man gyaɗa ma yana fitar da kai na yini guda, amma a juye shi bayan aiki, in ya daɗe a ciki danƙo yake yi.

Na biyu ɗaurin sarƙa. Sabuwar sarƙa tana saki bayan 'yan yanka kaɗan. Cire batir ko zare waya tukuna, bari ta huce, sannan ka ja ta da yatsu a tsakiya: ta ɗan ɗago ta koma da kanta, ƙafafunta ba su fita daga kwarin ba. In tana reto za ta zame, in ta ɗaure tamau injin zai wahala. Na taɓa ganin wanda ya cire sarƙa ya wanke ya mayar da ita a juye, ya yi ta gurzar reshe sai hayaƙi, yana cewa an sayar masa da jabu. Haƙoran da ke saman ƙarfen, kaifinsu gaba yake kallo, wajen baki.

Na uku dakushewa. Ƙurar hunturu tana maƙalewa a ɓawon itace, ga kusoshin da aka buga don igiyar shanya, ga wayar da aka ɗaure tun tuni har bishiya ta haɗiye ta. Duba jikin reshe kafin ka ɗora. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take zubarwa, in ka ga gari mai laushi kamar dusa to ta dakushe. Maganinta siririn magagari zagayayye, yawancin sarƙoƙin irin wannan injin mai kaurin milimita 4 suke ɗauka, ƙananan kuma 3.2, a duba kwalin. Ana samu a wajen masu kayan aiki a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano. Kada ka danna injin da ƙarfi don ya ci. Bari sarƙa ta ɗauki gudu sosai kafin ta taɓa itace, jingina gindin ƙarfen da reshen, nauyin injin ya isa. Ka kuma kiyayi ƙarshen bakin ta sama, in ya taɓa wani reshe injin yakan yi tsalle ya fizgo baya.

Masu sayen na hannu, a karanta rubutun da ke jikinsa. Kayan da aka yi don Amurka bolt 120 suke sha, tamu wutar kuwa 230 ce, kana sa shi a soket ya ƙone, caja ma haka in ba a rubuta tana ɗaukar duka biyun ba. Araha ba ta ado. Injin mai waya, wanda ake sawa a soket, yakan ci wat 600 zuwa 800, ɗan ƙaramin janaretan nan na kunna fitila da fanka da kyar yake ɗaukarsa. Doguwar siririyar waya kuma tana rage wuta ta sa injin zafi. A nemi mai kauri, a warware ta gaba ɗaya, a ajiye ta bayanka. Shi batir zafi ne maƙiyinsa. A watan Afrilu da Mayu zafin nan yana haura digiri 40, don haka kada a bar shi a rana, kada a sa shi caji yana da zafi daga aiki. Ni da sassafe nake yi, kafin hantsi na tashi. Ranar iska ko hadari kuwa ba na ɗauko shi.

Tufafi: babbar riga da rawani da silifas ba na wannan aiki ba ne. Riga mai kama jiki, takalmi rufaffe, safar hannu, hular kwano ko da ta babur ce. Tabarau dole ne, don kanka a ɗage yake, duk garin itacen a idonka yake sauka, na darbejiya kuma har a baki za ka ji ɗacinsa. Ɗaga kai ka leƙa ko akwai zuma ko gidan rina. Ƙarar injin tana tayar da su, kuma mutum ba ya gudu da sanda mai mita uku a hannu.

Reshen da ya tsallaka gidan maƙwabci, ko nasa da ya shigo naka, a yi sallama a yi magana kafin a yanka, don faɗan itace yana kai mutane gaban mai unguwa. Itatuwan bakin titi da na gandun daji kuma ba naka ba ne, malamin daji ake tambaya.

Aro ne har yanzu ban samo masa dabara ba. Kawu ya aiko yaro a ba shi injin, ba ka isa ka ce a'a ba. Sau biyu ana dawo mini da shi tanki a bushe, sarƙa na reto. Yanzu in an aiko, sai in ce, "Je ka ce wa Kawu ina zuwa da kaina bayan sallar asuba," in saɓa sandata in tafi.