Hoto ya fito da duhu: kurakuran da ake yi wajen ceto shi

Akwai wani hoto da na ɗauki ƙanwata tana zaune kusa da taga da yamma. A fuskar kyamara ya yi kyau, amma da na buɗe shi a kwamfuta sai na tarar fuskarta ta nutse cikin duhu, idanun ma da ƙyar ake gani. Nan take na kama sandar haske a Lightroom, manhajar gyaran hoto, na ja ta har ƙarshe. Fuskar ta fito, sai dai kumatun sun cika da ɗigo-ɗigon ja da kore, bangon bayanta kamar an watsa masa yashi, labulen tagar kuwa ya ƙone ya zama fari fat.

Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa. Sandar hasken ba ta zaɓe, duhu da haske take ɗagawa tare. Kuma inda ya yi duhu, haske kaɗan ne ya shiga kyamara tun farko, saboda haka da ka ɗaga shi, dattin da ke kwance a ciki ya taso tare da shi. A ɗan ɗaga sandar hasken kaɗan, a sauke sandar wuraren da suka yi haske don labule da sararin sama su tsira, sannan a taɓa sandar inuwa a hankali. Idan fuska ce kawai ke buƙatar haske, a shafa mata da burushi ita kaɗai, a bar bango da duhunsa. Hoton da aka kori inuwarsa duka yakan fito a shafe, babu zurfi.

Sai batun JPEG. Fayil ɗin JPEG bit 8 ne, wato matakan haske 256 a kowane launi, kuma kyamara ta riga ta matse shi ta zubar da saura. RAW kuwa, wato fayil ɗin da ke ajiye ɗanyen bayanin da kyamara ta ɗauka, yawanci bit 12 ne ko 14, matakai 4,096 ko 16,384. Shi ya sa idan ka matsa wa JPEG sai ka ga sararin sama ya tsage layi-layi. Canon na ajiye RAW ɗinta a CR2 ko CR3, Nikon a NEF, Sony a ARW, wayoyi da yawa kuma a DNG. Ba dole sai ka biya kuɗin manhajar gyaran RAW ba, darktable da RawTherapee kyauta ne. Wasu suna saita kyamara ta ajiye RAW da JPEG tare, sannan su yi ta fama da JPEG ɗin ba su sani ba. Duba ƙarshen sunan fayil kafin ka fara.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoron ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara. Mutum yana cikin ɗaki mai duhu ya kafe a kan ISO 100, wai kada hoto ya yi datti, da niyyar ya gyara daga baya tunda RAW ne. Daga 100 zuwa 1600 ninkin haske sau huɗu ne a jere, kuma a kyamarori da dama hoton da aka ɗauka daidai a 1600 ya fi tsabta a kan wanda aka ɗauka a 100 aka ɗago shi da manhaja. Kafin ma ka je ga ISO, buɗe bakin gilashin kyamara, ko ka rage saurin shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, idan abin da kake ɗauka ba ya motsi, ko ka juya mutumin ya fuskanci taga. RAW ba ya ƙirƙiro hasken da bai shiga ba.

Fuskar kyamara ma tana ruɗi, musamman da dare, domin haskenta yakan sa hoto mai duhu ya zama kamar daidai. Histogiram za ka duba, wato zanen tudun da ke nuna rabon duhu da haske a hoto: idan tudun ya taru ya jingina da hagu, ƙara haske ka sake ɗauka tun kana wurin.

Wajen share datti, a fara da ɗigo-ɗigon launi, su ne masu muni, kuma suna fita da sauƙi. Yashi-yashin kuwa a rage shi kawai, don idan aka share shi tas fatar mutum takan koma kamar roba. Kaifin hoto shi ake ƙarawa daga baya, ana kallon hoton a girmansa na ɗari bisa ɗari. Inuwar da aka ɗago takan karkata zuwa kore ko shunayya, don haka a sake daidaita launin fari kafin a fitar da hoton.