Ga Mai Son Aikin Kula da Kifi da Namun Daji

Shekarata ta farko a wannan aiki a bakin ruwa na yi ta, da sikeli da littafi, tun asuba ina jiran kwale-kwale su dawo. Kai ma da nan za ka fara, komai girman digirinka. Karanta ilimin halittu ko na gandun daji, amma ka riƙe ƙididdiga da kyau, don ita za ta cece ka ranar da aka titsiye ka a taro.

In jirgi ya iso, kada ka tsaya ga nauyin kamu kawai. Tambayi awa nawa aka yi a ruwa, taru nawa aka jefa, sannan ka auna tsawon kifin. Kamun bana zai iya yin daidai da na bara, alhali masunta sun ninka wahala, kifin kuma duk ƙanana. A Kanada jirage sun yi ta dawowa da wani kifin teku mai suna kod har zuwa 1992, lokacin da gwamnati ta rufe kamunsa a tekun Newfoundland saboda ya kusa ƙarewa, mutum wajen 30,000 suka wayi gari babu sana'a.

Na taɓa ƙwace wa wani dattijo taru mai ƙananan idanu a gaban 'ya'yansa. Doka na bayana, ba shakka. Amma wata uku babu wanda ya ƙara gaya mini gaskiyar abin da ya kama, littafina ya cika da ƙarya. Tun daga ranar, in za a rufe ruwa a lokacin da kifi ke saka ƙwai, sai na zauna da shugabannin masunta mun tsayar da ranakun tare. Mafarauta da makiyaya na gefen daji ma haka.

Doka kuwa, ka san ta ƙasarka tukuna, sannan yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan fadamu da tafkuna, da yarjejeniyar CITES ta 1973 kan fataucin namun daji tsakanin ƙasashe, don da ita za a tambaye ka in an kama hauren giwa a kan iyaka.

Ranar da ka hau kujerar darakta, takalma da alawus na masu gadin daji su zo farko a kasafinka. In kuma na sama ya bugo waya a ƙara lasisin kamu fiye da abin da ruwan zai ɗauka, ka ce ranka ya daɗe, a aiko a rubuce. Sau da yawa takardar ba ta zuwa.