Yadda za ka shirya tafiyar mota zuwa Gashaka-Gumti da tsaunin Mambila

Duk wanda ya tambaye ni ina zai je ya ga duwatsu da daji na gaske a Najeriya, amsata ɗaya ce, ya nufi Taraba. Gandun dajin Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin gwamnatin tarayya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, a 1991 aka haɗe Gashaka da Gumti aka mai da su gandu ɗaya, ɓangaren kudu yana Taraba na arewa kuma ya shiga Adamawa ta wajen Toungo. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, dab da iyakar Kamaru. To amma fa wannan ba irin tafiyar Yankari ba ce da mutum zai tashi da safe ya shiga mota da yamma yana wanka a Wikki, nan sai ka zauna ka shirya, kuma yawancin shirin a kan abu uku yake, lokacin da za ka tafi, lafiyar motarka, da mutanen da za su shiga da kai ciki.

Fara da lokaci. Damina a wannan yankin doguwa ce ba kamar tamu ta Kano ko Katsina ba, ruwa yana farawa tun wajen Afrilu kuma bai cika ɗaukewa ba sai ƙarshen Oktoba ko ma Nuwamba, kuma idan ana ruwan nan koguna irin su Mayo Kam da Mayo Gashaka cika suke su batse, hanyoyin cikin daji su koma taɓo, wani wurin ko babur sai an ɗauke shi a ka ko a saka a kwalekwale. Saboda haka ka sa tafiyarka tsakanin Disamba da Maris. Ni na fi son ƙarshen Disamba zuwa Janairu saboda ciyawa ba ta gama bushewa ba kuma koguna sun ja baya, sai dai akwai hazo, wani lokacin ka hau har saman dutse ka kasa hango nesa. Idan dabbobi ka fi so ka gani to Fabrairu da Maris sun fi, don ciyawa ta kwanta dabbobi suna taruwa bakin ruwa, amma ka shirya wa zafi a ƙasa wajen Serti.

Hanya kuwa, in daga Kano ko Jigawa ko Bauchi ka taso, ka bi ta Gombe ka wuce Kaltungo ka sauka Numan ka tsallaka Binuwai sannan ka gangara Jalingo, a nan za ka kwana, kar ka ce za ka wuce. Na san akwai masu ganin ai direba ne su za su iya haɗewa a rana ɗaya, dan Allah kar ka gwada, gajiyar da za ka kwaso ita za ka hau dutse da ita washegari. Daga Jalingo sai Garba Chede, sai Bali, sai Serti inda hedikwatar gandun take, daga Serti sai Mayo Selbe a gindin tsauni, daga nan hawa ya fara har Maisamari, Nguroje, sai Gembu. Mu mun bar Jalingo bayan sallar asuba muka isa Serti kafin azahar, da tsaye-tsaye a shingen jami'an tsaro da kaucewa ramuka. Kwana biyu kafin ka tashi ka je tasha ko ka kira wani direban haya da yake bin layin Jalingo zuwa Gembu ka tambaye shi halin da hanya take ciki, wace gada ruwa ya taɓa a daminar da ta wuce, ina ne ba a bi da yamma, su ne suke da labarin yau, taswirar waya ba ta san wannan ba. Kuma ka riƙe ƙa'ida guda, ba tafiyar dare, magariba ta same ka a masauki.

Yanzu maganar mota, nan ne nake so ka nutsu. Ƙaramar mota mai lafiya za ta kai ka Serti har ma Gembu tunda kwalta ce, ko da yake ta ci a wurare da yawa, amma shiga cikin gandun ko zuwa ƙauyukan saman tsauni sai mota mai tudu mai jan ƙafa huɗu irin su Hilux, shi ya sa in ka hau Mambila za ka ga tsofaffin Land Rover har yanzu suna aiki suna ɗaukar kaya da mutane. Sati guda kafin tafiya ka kai motar gareji ka tsaya a kanta da kanka, a duba birki gaba da baya, in takalmin birkin ya ci rabi a canza kawai, a duba man birki in ya daɗe a juye a zuba sabo, a wanke lagireto a tabbatar fanka tana tashi, a duba fambel da kuloci, a yi juyen baƙin mai. Taya kuma kar ka tafi da wadda ta suɗe, safaya ta zama mai lafiya da iska a ciki, in da hali ma ka ɗauki biyu, da jak da sifana da igiyar ja da galan na ruwa. Na ce sati guda ne saboda ka samu ka yi yawo da motar cikin gari bayan gyara, in akwai abin da bakanike bai ɗaure daidai ba ya nuna kansa tun kana gida.

Hawan da ke tsakanin Mayo Selbe da saman tsauni shi ne jarrabawar. Hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse, kwana bayan kwana, gefe guda bango gefe guda rami mai zurfin da in ka leƙa sai ka ga bishiyoyi kamar ciyawa, akwai ma wani wuri da ake kira Biyu da Sisi da duk direban yankin ya sani. Wajen hawa ka kashe esi, ka sa giya ta ɗaya ko ta biyu ka bar motar ta tafi a hankali, idonka a kan allurar zafi, in ka ga ta fara tashi ka nemi wuri mai faɗi ka tsaya ka sa dutse a bayan taya, kuma kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai watso maka a fuska. Kowace kwana da ba ka ganin gabanta ka danna hon, ka tsaya a hannunka, don manyan motoci masu saukowa da shanu ko katako suna cin tsakiyar hanya.

Saukowa ta fi hawa haɗari, wannan kowa ya ji. Abin da yake faruwa shi ne in ka ɗora ƙafa a kan birki ka bar ta a kai tun daga sama, ƙarfen yana ɗaukar zafi har ya kai ya daina kamawa, man birkin ma yana iya tafasa, sai ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Mu ya taɓa kusa faruwa da mu, abokin tafiyata ne yake tuƙi, muna tsakiyar gangara sai na ji wani ƙauri kamar ana ƙona roba, muka samu ɗan fili muka tsaya, wallahi hayaƙi ne yake fita daga tayar gaba, ko kusa da wilin ba ka iya kai hannu. Wani dattijo direban a-kori-kura ya tsaya a bayanmu ya ce kar mu zuba ruwa ƙarfen zai lanƙwashe, mu zauna ya huce da kansa, ya ce "yarana, da giyar da ka hau dutse da ita ake sauka." Mun fi minti arba'in a wurin. Tun daga ranar lamba wan ko lamba tu nake sawa in bar inji ya riƙe motar, birki sai dai in ɗan taka in saki. Idan motarka otomatik ce akwai L ko 2 a jikin giyar, ranar amfaninsu kenan.

Mai kuma ka cika tanki a Jalingo, ka ƙara a duk inda ka ga gidan mai a buɗe ko da tankin bai yi rabi ba, ka riƙe jarka ɗaya cike a ɗaure da kyau a bayan mota, saboda hawa yana shan mai fiye da lissafinka kuma a sama ya fi tsada. Kuɗi ma ka riƙe tsaba, ƙananan canji, don akwai inda sabis zai ɗauke gaba ɗaya ba tiransifa ba POS. Takardun mota da lasisi da katin shaida su zama a kusa.

In ka isa Serti ka wuce ofishin gandun kai tsaye, kuma ya fi kyau ka tuntuɓe su tun kafin ka baro gida don su san da zuwanka su gaya maka kuɗin shiga da na kwana da ɓangaren da ake bari a shiga a lokacin. Ba a shiga dajin nan sai da ma'aikacin gandu, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin takura ba, mutanen nan su suka san inda ake tsallaka kogi, su suka san sawun ɓauna da na dorina, su suka san inda ake da matsalar tsaro a wannan watan. Tun 2017 wata ƙungiya mai suna Africa Nature Investors take aiki tare da hukumar gandayen daji ta ƙasa wajen kula da wurin da horar da masu gadinsa. In ma'aikaci ya ce yau ba za a bi ta nan ba, to ba za a bi ba, kar ka tsaya gardama don ka biya kuɗi. Kuma in kun fito ka sallame shi da abin kirki, aikinsu akwai wahala da kasada.

Daga Serti ana shiga har ƙauyen Gashaka, a kusa da shi akwai kangon sansanin Jamusawa, tunda yankin nan a da ƙarƙashin Kamarun Jamus yake, daga baya ya koma hannun Ingila, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Najeriya. Gaba kuma akwai Kwano cikin kurmi inda masana suka daɗe suna nazarin birai, har da cimfanzi, birin nan mai kama da mutum, wanda Gashaka na cikin manyan wuraren da ya rage masa a ƙasar nan. Gaskiya kar ka sa rai lallai sai ka gan shi, yana da gudun mutane, mu dai kukansu muka ji da sassafe daga can ƙetaren kwari, sai sheƙar ganye da suka kwana a kai a saman bishiya da ɗan rakiyarmu ya nuna mana. Amma bika da wasu birai masu baƙi da fari da doguwar jela da mazo da tsuntsaye kala-kala, waɗannan in sha Allahu za ka gani, tsuntsayen gandun an ƙirga sama da iri 500. Abin da zai dame ka a ƙasa shi ne ƙudan tsando, cizonsa kamar allura kuma yana bin baƙin kaya da shuɗi, don haka ka sa riga mai dogon hannu mai ruwan ƙasa, ka tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro, ruwan kogi kuma sai an tafasa.

Saman Mambila wata duniya ce daban. Tuddai ne shimfiɗe da ciyawa iya ganinka, shanu a warwatse, bishiyoyin zaiti a jere, tsayin wurin wajen mita 1,600 ne a matsakaici, shi ya sa da dare sanyi har ƙashi, ka tafi da suwaita mai kauri da hula da safa da bargo, ko alwalar asuba sai an ɗumama ruwa. Ka ware yini guda ka je gonar shayi ta Kakara inda ake yin Highland Tea, in da lokaci ka leƙa kurmin Ngel Nyaki kusa da Yelwa. Da safe hazo yakan rufe hanya, ka jira ya washe kafin ka tayar da mota.

Wanda yake son taka Chappal Waddi kuwa ya ƙara kwana uku a lissafinsa. Ta Nguroje ake bi a nufi Njawai, hanyar ƙasa ce, yawanci a babur ake ƙarasawa, daga nan kuma sai ƙafa, ka kwana a hanya. Ka tsara wannan da ma'aikatan gandun tun a Serti, ka ɗauki masu dako daga ƙauyen ka yi ciniki da su tun kafin a tashi, takalmi ya zama wanda ƙafarka ta saba da shi don sabon takalmi zai yi maka kanta tun ranar farko. Abinci mara nauyi, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi da kayan shayi, sai tocila da fawa bank da tanti da rigar ruwa ko da rani ne. Duk ƙauyen da kuka shiga ku fara zuwa gaida jauro, a nan Fulatanci ya fi tafiya duk da ana jin Hausa, ko "jam na" da "useko" ka iya za ka ga yadda fuska take sakewa, ka riƙe goro ko sukari da ganyen shayi na gaisuwa, kuma kar ka ɗauki hoton mata ko shanun mutane sai ka tambaya.

Leda da gorar ruwa da gwangwani duk ka haɗa a buhu ka sauko da su, wutar da kuka hura ku kashe ta da ruwa ku tabbatar ta mutu don ciyawar rani ba ta da wuyar kamawa, naman daji kuma ko an kawo maka har mota kar ka saya. Gaba ɗaya in daga Kano ne ka ware kwana takwas zuwa goma, biyu zuwa, biyu dawowa, sauran a raba tsakanin Gashaka da saman tsauni, ka bar kwana ɗaya a sake saboda mota ko jiki. Kafin sabis ya ɗauke ka kira gida ka gaya musu inda za ka kwana da sunan ƙauyen da ranar da za su sake jin muryarka.